Zoben Roba Biyu a Wuƙar Baba

Jega Firchin,
23 ga Yuli, 1995.

Zuwa ga ƙanena Isa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lubna da Fahad. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na ƙarfe a wannan aiki naku na bakin teku. Mu nan lafiya, sai haƙurin rashi. Damina ta zauna sosai, geron da ke hanyar Maiyama har ya rufe ɗan akuya. Maigidana Yusuf yana nan yana fama da motocin tasha, Mubina kuma an yaye ta, ta koma cin duk abin da hannunta ya kai. Inna tana gida Aliero cikin takaba, Gwaggo na zaune tare da ita, ni kuma ina leƙa su duk mako. Lafiyarta ƙalau, amma ta rame, abincin ma sai an tsaya a kanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da Atiku direba ya dawo da shi. Ya ce ya sauke albasa a Ikko, ya nemo ka har bakin jirgi, ya yi maka gaisuwar Baba, ya tambaye ka yaushe za ka zo gida. Ka ce masa ba ka da idon da za ka kalli Inna da shi, tunda an gaya maka wuƙar da ka aiko ita ta kashe mahaifinmu. Isa, ashe har yanzu halin nan bai bar ka ba? Tun kana ƙarami haka kake, a fara aikenka ka kwashi rabin magana ka ruga, sai an aika wani ya kamo ka. Ban san wanda ya kai maka wannan rabin ba, kuma ba na son in sani. Ni ina nan aka yi komai, don haka nemi wuri ka zauna, Addarka za ta ba ka sauran.

Ka san ka aiko wuƙar nan shekarar da aka ba mu jiha, amma ba ka ga yadda ta shiga ran Baba ba. Mutumin da bai taɓa yaba ko tuwon Inna a gaban mutane ba, sai ga shi yana tare baƙi a zaure yana nuna musu wuƙa mai naɗewa. Ya buɗe ta da babban yatsa ɗaya, ta ce ƙwas ta tsaya, ya danna ɗan ƙarfen da ke tokare ta, ta koma cikin ƙotarta ba ƙara. Ya ɗinka mata aljihu na musamman a cikin 'yar shararsa. Da ita yake yanke ganyen albasa, da ita yake yanke igiyar buhu, da ita yake fasa goro. Mu kam ko lemo ba ya ba mu aronta mu yanka. Inna har tsokanarsa take, wai in gobara ta tashi ta san wadda zai fara fitarwa tsakaninta da wuƙar Isa. Fiye da shekara uku tana shan ruwan albasa da laka da gumi, ko ɗigon mai bai taɓa sa mata ba, kuma ko sau ɗaya ba ta cije ba.

To, ka tuna Baba Ɗanasabe na Karaye, taubashin Baba, wanda in suka haɗu sai an riƙe ciki don dariya? Bana da sanyi ya zo kasuwar albasa, ya tarar da Baba cikin abokansa ana hira, wuƙa a hannu kamar kullum. Ya warce ta, irin ta taubasai, ya ɗaga ta ga rana yana leƙen gaɓar da ruwan wuƙar ke juyawa. Can ya hango wani farin abu siriri, gefe da gefe. Ya sa ƙaya ya taɓa, sai ya kwashe da dariya, ya ce jama'a su zo su ga abin kunya, ashe roba ce a ciki, irin ta bokiti. Ya ce an cuci yaro a Ikko, an sayar masa da kayan wasan yara da kuɗin saniya, shi kuma ya ɗauko ya cuci tsoho. Aka yi ta dariya, wuƙa na yawo hannu zuwa hannu, kowa na leƙawa. Ka san dokar taubashi, ba a fushi da shi, ko rigarka ya tuɓe maka a kasuwa sai dai ka rama da wasa. Baba ya yi dariyar shi ma, ya rama da zancen tsohon jakin Ɗanasabe, aka tashi lafiya. Amma Inna ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Da a ce shi aka zaga da ya shanye, kai aka taɓa, kuma a bakin da ba shi da damar ya rufe.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya hau kekensa ya tafi Jiga Makera wurin Maiwada maƙeri, wanda ke yi masa fartanya tun muna yara. Ya ce a cire robar nan a sa jan ƙarfe, yadda in an sake leƙawa za a ga abin da ya dace da wuƙar ɗansa. Maiwada da kansa ya ba mu labari ranar sadakar uku, yana magana yana share ido. Ya ce ya so ya ƙi, don bai taɓa buɗe irinta ba, amma wa ke iya juya Baba in ya kafe? Kan ƙusar da ta riƙe gaɓar ba irin namu ba ne, babu sukudireban da ya shige shi, sai da ya sa ƙarfe ya doke ta ta fita. Ya zaro zobba biyu farare, kowanne bai fi ɓawon albasa kauri ba. Ya yanko jan ƙarfe ya goge, ya huda, ya sa a madadinsu, ya kawo wata ƙusa ya daddage. Baba ya karɓa ya leƙa, ya ga ja yana ƙyalli, ya dawo gida yana murna, har ya tsaya ya sayo wa Inna ƙosai a hanya.

Sai bayan rasuwa, da Yusuf ya duba wuƙar, na gane abin da aka yi. Ka san shi da ƙarfe, bayani yake yi har sai ka gaji. Ya ce waɗannan zobba su ake kira washa, kuma ba don rowa aka sa su ba. Ƙarfe in yana goga ƙarfe cin juna suke yi, shi ya sa aka raba su da wannan roba mai santsi, wadda ba ta tsatsa, ba ta shan ruwa, ba ta neman mai. Kuma kaurinta a aune yake, ita ke riƙe ruwan wuƙar daidai tsakiya, yadda ɗan ƙarfen da ke tokare shi zai faɗa gurbinsa ya zauna daram. Ya ce ko a injin mota akwai irinsu, in ka cire ɗaya ka sa abin da ya fi shi kyan gani, ka kashe injin. Zobban Maiwada ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri, abin da ido ba zai gani ba. Da farko wuƙar ta yi tauri, sai da hannu biyu take buɗewa. Daga baya ruwan albasa ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore ya cinye, ta koma tana girgiɗi. Inna ta lura, ta yi magana, Baba ya ce mata sabon aiki ne, zai zauna. Ɗan hakin da ka raina, Isa.

Ranar da abin ya faru ana cikin cirar albasa a fadama. Wani buhu ya ɗaure da igiya mai kauri, Baba ya sa wuƙar ya danna da ƙarfi, sai ta naɗe a kan yatsunsa biyu, ta shiga har ƙashi. Ka san ƙasar fadamarmu, rabinta takin shanu ne. Ya damƙi ƙasar ya toshe jinin kamar yadda suka saba, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure. Nan ne zuciyata ke karyewa duk lokacin da na tuna. Da ya dawo gida ya ce lauje ne ya yanke shi. Ya hana a kira kowa, ya hana a gaya mini, ya ƙi zuwa asibiti, don ya san in aka ga yankan za a tambaya, in aka tambaya kuma gobe kasuwa za ta ɗauka cewa wuƙar Isa ta ci hannun ubansa. Ya zaɓi ya zauna da ciwo a cikin tsumma da a sake yi maka dariya. Wuƙar kuwa ya wanke ta tas, ya mayar aljihunta, ya ci gaba da fita da ita kamar ba abin da ya faru.

Da mako ya zagayo, Inna ta ga yana tauna goro da ƙyar. Kashegari fura ma ta gagara, haƙoransa suka dantse, wuyansa ya sandare. Aka aiko mini, Yusuf ya ɗauki mota muka kawo shi nan Jega, daga nan aka tura mu Birnin Kebbi. Likitan ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo, ya ce ƙwayar cuta ce da ke zama cikin taki, da an zo ranar da aka yi yankan da allura ɗaya ta isa. Ya tambayi abin da ya yanke shi, Baba ta tsakanin haƙora ya sake cewa lauje. Ba zan ba ka labarin kwanakin da suka biyo baya ba, Allah ya sa kaffara ce, na roƙe ka kada ka taɓa tambayata. Abu ɗaya zan gaya maka. Ana gobe zai cika, da rana, jikin ya ɗan sake shi, ya yafito Inna da ido. Ta kai kunnenta bakinsa, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Ya ce mata ba lauje ba ne, ya ce wuƙar yaro ba ta da laihi, shi yat taɓa ta, a hwaɗa maka hakanan. Daga wannan sai kalmar shahada, bai ƙara wata magana ta duniya ba.

Ka gani ke nan, saƙo gare ka, kuma ba irin wanda ake ba direba ba ne. Inna ta so ta faɗa maka da bakinta, ta yi ta jira, ni ce na ga jiran ya yi yawa. Da muke kwashe kayansa mun sami zobban nan biyu a cikin gwangwanin da yake ajiye allura da zare, ashe bai yar ba. Yusuf ya juya su a tafin hannunsa, ya ce ko ƙwarzane babu, da an bar su da sun kai wuƙar hannun Fahad. Na riƙe su na yi kuka har na ba kaina tausayi, abu kamar ka hura ya tashi, wai shi ne tsakanin Baba da wannan ciwo. Ka aiko abu mai kyau, Isa, ka aiko shi da zuciya ɗaya. Baba Ɗanasabe kuwa tun ranar jana'iza bai sake taka kasuwar Aliero ba. Ya zo gaban Inna ya durƙusa, tsoho da furfurarsa. Ita ta ce masa ya tashi, wasa ya yi irin wanda suka gada, kwana ne ya ƙare. In har ta iya faɗa wa Ɗanasabe haka, kai me kake tsammanin za ta ce maka?

Gwaggo tana gaishe ka, ta ce in ja maka kunne. Yusuf yana gaisuwa, haka Kawu Abdu da mutanen Karaye baki ɗaya. Ka gaishe mini da Lubna, ka ce na gode da atamfar Mubina. Ka shafa mini kan Fahad, ka gaya masa yana da gwaggo a Jega mai faɗa amma mai ƙuli-ƙuli.

Inna za ta fita takaba cikin wata mai kamawa. Atiku zai sauke kaya a Ikko kafin nan, ya ce gidan gaba na motarsa naka ne in kana so. Na tambaye ta ko in rubuta cewa tana kiranka, ta ce a'a, ba a gayyatar mutum gidan ubansa. Ta ci gaba da jan carbi, har na ɗauka ta gama. Can ta ce rashin Baba Allah ne ya yi, ta karɓa, kuma jama'a sun zo daga ko'ina sun yi mata gaisuwa ta ji sanyi. Amma rashinka ba wanda zai zo ya yi mata gaisuwarsa, tunda kana raye, ita kaɗai take zaune da shi.

Ka zo gida, ƙanena.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kawo mana kai lafiya.

Taka har kullum,
Adda Raihanatu Ayuba.