Shekarar da Ka Yi Shiru a Damagaram

Zuwa ga Maigida, mai algaitar Gure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, akwai maganar da na ɓoye maka tun kana raye. Yau zan sauke ta, kowa ma ya ji.

Ka tuna shekara biyu bayan farar da ta cinye mana gero, lokacin da kumandan, Baturen mulki, ke ɗibar maza aikin hanya? A lokacin ne ka ce za ka Damagaram ka shiga cikin makaɗan birni. Kullum sai ka ba ni tarihinsu: wai tun zamanin kakanni suke, kowane gida da abin da ya gada, gidan kakaki daban, gidan ganga daban, ga masu kuge, ga masu algaita, kuma duk yawansu mutum guda suke kallo, Sarkin Busa. Ni kuwa ina surfe ina ce maka to.

Ka tafi ka bar ni da gona da yara uku. Sai fatake suka kawo labari cewa ka yi abin kunya ranar gwaji. A wajenmu, daga Gure har Kelle, algaita ce ke buɗe kiɗa, ganga ta biyo. A can kuwa ba mai motsi sai kakaki ya yi magana. Kai da ka saba, ganin an taru kawai ka cika kumatu ka fara busa. Sarkin Busa bai kore ka ba. Cewa ya yi ka zauna cikinsu, algaita a cinya, ka yi ta saurare har ranar da ya ga dama.

Damina guda na yi noma ni kaɗai. Mata a bakin rijiya suna tambayata labarin mai busa, suna danne dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Bayan girbi na bi ayarin masu gishiri, kwana shida a kan raƙumi. Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: zuwa na yi in ce ko ka biyo ni gida, ko ka sake ni.

Na iso ranar Alhamis da la'asar, ana shirin kiɗan jajiberin Juma'a. Na tsaya cikin mata, na hango ka a sahu na biyu, ka rame, hannunka a kan algaita.

Kakaki ya buɗe. Ganguna suka shigo ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, kuge yana daidaita musu tafiya. Sarkin Busa tsoho ne ɗan firit, ko hannu ba ya ɗagawa. Gira zai ɗaga, wannan sahu ya yi tsit, ya karkata kai, wancan ya ɗauka. Ban taɓa ganin maza da yawa haka suna bar wa juna hanya ba. Nan take maganar da na haddace a hanya ta ɓace mini.

Sai na ga ya dube ka. Ka ɗaga algaita, kumatunka suka cika. Na kasa kunne iya ƙarfina. Ni da nake gane busarka daga bayan tudu ina cikin gona, na neme ka cikin kiɗan nan na rasa. Na ɗauka tsoro ne ya shaƙe ka, har na ji tausayinka.

Da aka tashi na ce maka ban ji ka ba ko kaɗan. Ka yi dariya har da hawaye, ka ce, "Ke ma ba ki ji ni ba? To, busata ta saje da tasu ke nan, sun karɓe ni."

Ka tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce yara ne suka aiko ni in dubo ka. Ƙarya na yi. Bayan kwana uku na hau raƙumi na koma gonar ni kaɗai, da yardar raina, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Ka yafe mini wannan ƙaryar, Maigida. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya jiƙan tsohon nan da ya sa ka shiru. Allah Ya haɗa mu inda ba rabuwa.

Matarka,
Gaji, daga Gure