Tumfafiyar Tsoho Liyang

Guangzhou, Satumba 1998

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Balki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Yakasai baki ɗaya. Ni ma na samu sauƙi, alhamdulillahi. Kada ki ce wane sauƙi. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni ina sauka, ban aiko miki ba don na san bakinki.

Iliyasu, mutumin Kumasi da ke ɗora mana kaya a jirgin ruwa, ga shi yana jin yaren mutanen nan, shi ya samo mini ɗaki a wani lungu bayan titin Liuhua, ba nisa da kasuwar Baima inda muke sarin tufafi. Maƙwabcina wani tsoho ne, sunansa Liyang. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa yaren, amma da na kwanta shi ya riƙa hawo mini da kunun shinkafa, ba gishiri ba sukari, yana tsaye a kaina sai na shanye. Yanzu kullum bayan la'asar muna zama a ƙofarsa. In yi masa tatsuniya, ya yi mini tasa, kowa ya yi dariya inda ya ga ya dace. Tun da nake, ban taɓa samun abokin hirar da ba ya musa mini ba sai shi.

Abu ɗaya ke damuna. A tsakiyar lungun akwai ɗan fili, me kike zato ya cika shi? Tumfafiya, Balki! Irin tamu ta bola da kufai. Har ta fi ni tsawo, ga tsutsa duk ta huhhuda ganyen. Tsohon kan shiga cikinta ya tsaya ya yi ta kallo, ni kuwa na gane ƙarfin sara ne babu. Ga shi suna da wani biki a tafe, don ina ganin mata da yara suna yanka takarda ruwan goro kamar fukafukai, suna ɗiga mata fari da baƙi. A yi biki a gaban tumfafiya? Na ƙudura in na ƙara jin ƙarfi zan share musu wurin ba tare da na faɗa ba. Ladan kunu ke nan.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki, Maidaji

Kano, Oktoba 1998

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Maganar zazzaɓi na ajiye ta sai ka dawo, ba ta lalacewa.

Don Allah kada ka taɓa tumfafiyar nan. Kai tun kana yaro kasuwa ka sani, mu ne aka riƙa aika itace. Tsutsar nan mai zane-zane ita ce ke zama malam-buɗe-littafi, mai ruwan goro da ɗigon fari. Mun sha ɗaukarta mu sa a gwangwani muna jira. Ba ta cin komai sai ganyen nan.

Mutane suna yanka fukafukai kalarsa, tsoho yana tsaye yana kallon tsutsa, kai kuma ka yanke cewa ƙarfin sara ya rasa? Ka tambayi Iliyasu mana. Kana da baki, duk kasuwar Kwari an shaida.

Na ba Alhaji Ƙasimu wannan takarda ya kawo maka, gobe zai tashi. Allah ya sa ya riga addarka.

Ƙanwarka, Balki

Guangzhou, Oktoba 1998

Balki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gida. Alhaji Ƙasimu ya iso lafiya, amma bai riga addar tawa ba.

Bayan sallar asuba na yi aikin, da wuƙar sara nama da na ara a gidan abincin Musulmi. Sara mai kyau, har ƙasa, farin ruwanta duk ya ɓata mini riga. Na ɗaure na kai wa mai keken shara, na yi wanka, na sa babbar riga, na zauna ina jiran godiya. Kin ji gyaran gangar Abzinawa.

Liyang ya fito da ɗan kwandonsa. Bai yi ihu ba, Balki, na so ya yi. Durƙusawa ya yi yana tsintar tsutsotsin da suka zube a ƙasa. Mata suka firfito, yara suka sa kuka. Sai ga Iliyasu.

Ya ce, "Alaji, kai ka yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne. Ciyawa ce na rage musu."

Ya ce, "Alaji, a Kano ciyawa tana fitowa a layi ne? Duba kututturan."

Na duba. A jere suke kamar sahun salla.

Shi ya tambayo mini labarin. Wai dā lungun cike yake da malam-buɗe-littafi, da gine-gine suka cinye fili sai suka ɗauke. Matar Liyang ce ta samo irin tumfafiyar ta shuka, maƙwabta suka riƙa ban ruwa gida-gida. Duk shekara in tsutsa ta naɗe kanta a ɗan koren kwansonta, sai kowane gida ya ɗauki nasa ya adana a kwando. In sun fito sai a taru a dafa abinci, yara su ɗaura fukafukai, a buɗe kwanduna lokaci ɗaya. Matar ta rasu bara. Bikin bana shi ne na farko da babu ita.

An yi bikin, don an riga an sayi kayan abinci. Daga taga na kalla. Yara sun yi ta zagaya filin da fukafukan takarda, kwanduna na jingine da bango ba wanda ya taɓa su. Wata mata ta hango ni, ta aiko mini da 'ya'yan itace. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Mun je ban haƙuri da Iliyasu. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya tura ƙofarsa a hankali. Tun ranar ba a fito da kujeru ba.

'Yan tsutsotsin da ya tsinta suna ɗakinsa, ga shi na kwashe musu abinci. Yanzu sana'ata ke nan: in hau bas zuwa bayan gari, in bi gefen hanyar jirgin ƙasa. Idon Bakano ba ya ɓatan tumfafiya, ko da yake ba kullum nake samu ba. In na samu sai in ajiye masa a ƙofa. Ina dawowa ba na tarar da ganyen. Iyakar hirarmu ke nan yanzu.

Ki sa ni a addu'a.

Yayanki, Maidaji

Kano, Nuwamba 1998

Yaya,

Ina gaishe ka. Na ɗauki biro in yi maka faɗa, sai na ga ka riga ni.

Na san halinka, kada ka je Baima ka sayo wa tsohon riga. Ba riga ka sare ba. Ka ci gaba da kai ganyen, ka kula da gwiwarka a bas.

Alhaji Ƙasimu ya ce bizarka ta kusa ƙarewa, kuma kai da bakinka ka ce wannan ce tafiyarka ta ƙarshe. Tsohon ya buɗe ƙofar kuwa?

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Balki

Guangzhou, Nuwamba 1998

Balki,

Assalamu alaikum. Jibi zan taso in Allah ya yarda.

Ɗazu ina ɗaure kaya aka ƙwanƙwasa. Liyang ne da kwando. A cikin duk waɗanda ya tsinta, malam-buɗe-littafi ɗaya ne ya fito, ɗan ƙarami, fiffikensa guda a murɗe. Ya kamo hannuna ya ɗora mini shi a tafi, ya ja ni bakin taga. Muka tsaya muna jira. Ɗan abin ya buɗe fukafukai, ya rufe, ya sake buɗewa. Bai tashi ba.

Da muka gaji da tsayuwa tsohon ya mayar da shi kwando, ya dafa kafaɗata, ya sauka. Yafiya ya kawo mini ko so yake in ga aikina da idona, ban sani ba. Iliyasu ya ce in zo mu je ya tambayar mini. Na ce a'a. Lokacin da tambaya ke da amfani ban yi ba.

A turo mota filin jirgi. Sai na iso.

Yayanki, Maidaji