Mijina Yana Tuba Da Zunubaina

Goggo, ki taimake ni kafin in shiga Azumi da laifin da ya fi ƙarfin ikirari.

"Daga yau zunubaina kaɗai zan riƙa furtawa, naki kuma tsakaninki da Allah." Haka maigidana ya ce bara, hannunsa a ƙirji, a gaban injin wanki. Bana ko wata guda alkawarin bai kai ba.

Mu Kirista ne. Duk shekara idan Azumin kwana arba'in ya ƙarato, Fada yakan ce kowa ya shirya zuciyarsa, ya nemi sulhu da wanda ya ɓata wa. Mutane sukan ce amin su koma gida. Nawa mijin sai ya sayi sabon littafin rubutu ya jera sunaye. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a gidan waya, bai taɓa ɓatar da ko ɗaya ba, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba.

Matsalar ita ce bawan Allahn nan ba shi da zunubin kirki. Ba ya sha, ba ya zagi, ko sauro sai ya yi masa kashedi kafin ya kashe shi. Laifinsa ɗaya: idan na yi magana a kan wani a cikin ɗakinmu, yana dariya. To wannan dariyar yake bi gida-gida yana neman gafararta. Wanda aka roƙa kuwa dole ya tambaya, dariyar me? Sai ya isar da saƙo cikakke, har da kwaikwayon muryata.

Shugabar mawaƙan cocinmu yanzu ta san na ce muryarta kamar ƙofar da ke neman mai. Telana ya ji na ce da ido rufe yake awo. Rigar da na karɓo jiya hannu ɗaya ya kai gwiwa, ɗaya ya tsaya a gwiwar hannu. Yayarsa ta ji abin da na ce kan miyarta, ta aiko min da tukunya guda wai in sake ɗanɗanawa. Shi kuwa yana dawowa gida fuska sai sheƙi, wai ya ji kamar an sauke masa dutse. Ai dole, tunda a kaina ya sauke shi! Shekara ashirin da uku ina koyar da tarihi, na karanta labarin waliyyai da masu zaman kogo, ban ga wanda ya shiga Aljanna da aron laifin matarsa ba.

Duk waɗannan zan iya haɗiyewa. Amma na leƙa littafin, saura suna ɗaya: aminiyata, ma'aikaciyar jinya, wadda ta riƙe hannuna a haihuwata uku. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Wata rana muna shan shayi na ce tun da ya tafi ta yi fari ta yi kumatu, takaba ta karɓe ta fiye da aure. Ya yi dariya har ya ƙware. In ta ji wannan, Goggo, na rasa ta ke nan.

Na ba shi zuwa safiyar Larabar Toka, ranar da ake fara Azumi, ya soke sunan. Idan aka shafa mana toka a goshi sunan yana nan, daga layin zan wuce ofishin Fada in nemi gafarar dariyar da na yi ranar da maigidan ya ce wa'azin Fada ya fi ƙwayar asibiti sa barci.

Wadda Ake Tuba A Madadinta

*

'Yar'uwa,

Ki fara ajiye zancen ofishin Fada. Ramuwa ba shirin Azumi ba ce, kuma duk mai tsayawa wa'azi a bagade yana ganin masu gyangyaɗi, ba sabon labari za ki kai masa ba.

Kina da gaskiya a babban gefe. Abin da mata da miji suka faɗa a ɗakinsu amana ce. Tuban da ke sauƙaƙa wa mai yi, ya bar wasu uku da ciwo, akwai gyara a cikinsa. Amma ban ga mugunta a mijinki ba, tsoron Allah ne da ya rasa ma'auni. Ke ma ki lura: littafin bai cika da kansa ba. Duk abin da ya kai, ke kika ba shi.

Ku je wurin Fada tare a wannan makon, da littafin. Mutum irinsa ba ya jin "kada ka je", amma yana jin an ce masa adireshin ba daidai ba ne. Fada ya bayyana masa cewa laifin da wanda aka yi wa bai sani ba, wanda faɗinsa rauni kawai zai jawo, ɗakin ikirari ake kai shi, ba falon mutane ba. Ke ma ki shiga ɗakin bayan mijinki ya fito.

Shugabar mawaƙa, tela da yayarsa kuwa, ki je da ƙafarki ki ba su haƙuri, ba tare da ƙarin bayani ba. Ki sa rigar nan idan za ki wurin telan.

Aminiyarki ki ziyarce ta kafin Laraba. In mijinki bai riga ki ba, kada ki maimaita mata kalmominki. Ki gaya mata abin da ke ƙarƙashinsu, cewa kina murnar ganin ta sake tsayawa da ƙafarta. In kuma ya riga ki, kada ki musa, kada ki ce wasa ne. Ki ce kin faɗa, kin yi kuskure, ki zauna ki saurari duk abin da za ta ce har ta gama.

Azuminki na bana, ki bar shayi da sukari a inda suke, ki kame harshe. Zai fi miki wuya.

Allah ya ba ku Azumi mai albarka, ya bar ki da aminiyarki.

Goggo