Baba da Mai Sauya Kamanni

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Ummi. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Unguwar Sanusi lafiya lau, sai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai.

Akwai wani fim da muke bi ni da Baba a talabijin bayan la'asar, na wani makashin haya da jami'an leƙen asiri ke farauta. Ni nake fassara masa da ɗan Turancin nan da na koya wa kaina. Mutumin kullum cikin sauya kamanni yake, yau gemu, gobe furfura, shi ya sa in Baba ya ce "Wane ne kuma wannan?" ban taɓa kawo komai ba.

Ran Talata aka nuno shugabar jami'an, fuskarta ta cika allo. Baba ya ce, "Ja'irin ya sake kamanni ko?" Kin san bakina. Na ce, "Haba Baba, mace ce fa, har da jan baki!" Can ya ce, "Sagiru, tun kafin azumi inuwa kawai nake gani. Muryarka nake bi."

Na yi ta faɗa a kan mu je asibitin ido, ya ce babu yaron da zai ja shi kamar makaho. Ni faɗa kawai na iya, ke kuwa yana jin maganarki. Don Allah ki kira shi, ki lallaɓa shi, tun abin bai yi nisa ba.

Ki gaida mini kowa da kowa. A sa idon Baba a addu'a.

Ƙaninki,
Sagiru