Minti Ashirin a Aji Biyu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na kira wayarka har na gaji. Inna ta ce tun bara ka jefa ta cikin durowa, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Kawu, wani abu ne ya sha mini kai. Wata biyu ke nan da aka kawo mini wata yarinya aji biyu, shekararta bakwai. Iyayenta baƙi ne, yaƙi ya koro su daga wata ƙasa mai nisa, uban yana gyaran takalma a bakin tasha. Ba ta jin harshenmu ko kalma ɗaya, kuma ba ta taɓa buɗe baki a aji ba. Yara sun sa mata suna Bebiya.

Na ce bari in koya musu tausayin baƙo. Na shirya ranar ƙasashen duniya, na manna taswira a bango, muka zana tutoci. Na sa ta zo da tufafin ƙasarsu, na tsayar da ita gaban allo, na ce a tafa mata. Suka tafa, sannan suka yi ta jan gefen rigarta suna ƙyalƙyala dariya. Tun ranar ko wasa ba ta fita, sai ta kifa kai a bencin baya.

Hedimasta ya ce ko kurma ce ko daƙiƙiya, kuma ƙarshen wata zai sallame ta ya ba wani yaro gurbin. Saura kwana goma sha biyu. Kai ka yi karatu shekara biyar a ƙasar waje, ka kuma ƙare aikinka kana duba makarantu. Don Allah ka faɗa mini abin yi.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

*

Uwata,

Na amsa gaisuwa. Ciwon ƙafa yana nan, shi kaɗai ne bai daina ziyartata ba tun da na bar aiki.

Shekara talatin da ɗaya ina rubuta rahoto a kan yadda za a koyar da yara. Ranar da aka yi mini ritaya, da idona na ga masinja yana goge gilashin taga da ɗaya daga cikinsu. To yanzu me kike so in ƙara? Duniya ta daina tambayata, ni ma na daina ba ta amsa.

Amma tunda kin tono ni, ki ji: kin yi wauta. Ba a manna tausayi a bango da gam. Abin da kika yi wa yarinyar nan shi aka yi mini a watana na farko a can. Aka sa ni na saka babbar rigata, aka tsayar da ni a zauren taro, mutum ɗari biyu suna tafi, wata tsohuwa ta miƙo hannu ta shafa gashina ta ji ko zai zuba. Dukansu da kyakkyawar niyya suka yi, kamar ke. Kwana uku ban shiga ɗakin cin abinci ba. Wanda aka tsayar a gaba ana kallo ba ya zama ɗan gida, abin kallo yake zama.

Shi kuma Hedimastanku, ni na duba shi lokacin yana sabon malami. Ko taswira a kife ya rataye. Yau shi ne mai tantance daƙiƙai. Allah mai iko.

Ba ni da shawara. Amma ranar Laraba ki tanadi farar takarda ɗaya ga kowane yaro, da bokitin ruwa mai tsabta da moɗa. Ki koma bayan aji ki zauna, kome kika gani kada ki sa baki. Ban ce zan zo ba.

Ki gaishe da uwarki, ki ce ta daina kai rahotona.
Kawunki.

*

Zuwa ga Shugaban Makaranta,

Bayan gaisuwa da fatan an dawo daga taro lafiya. Na zo makarantarka jiya Laraba, aka ce kana taro, kamar yadda na saba ji a zamanina. Ga abin da ya wuce ka.

Ƙarfe tara na shiga aji biyu. Yara talatin da takwas suka miƙe suka gaishe ni. Ban amsa da harshenmu ba. Na amsa da harshen mutanen da na yi karatu a ƙasarsu, wanda rabona da shi shekara arba'in, kuma babu mai jinsa a ɗakin, har da baƙuwar yarinyar da kake shirin kora. Da shi na ci gaba, babu sassauci. Na ɗaga takarda ina bayanin yadda ake naɗe ta ta zama kofin shan ruwa. Na naɗe tawa sau ɗaya, da sauri, ina ta zuba magana.

Da farko dariya suka yi. Akwai wani mai faffaɗan goshi a bencin gaba, Sarkin Surutu suke ce masa, shi ne ya raɗa wa yarinyar suna Bebiya. Ya juya ya ce wa na kusa da shi, “Tsohon nan ya zare.” Sai na tsaya a kansa na yi masa tambaya. Ya waiga ya dubi na kusa da shi. Na maimaita da ƙarfi, kamar yadda ku kuke yi mata, wai ko ihu zai zama fassara. Ya dubi malamarsu, ta kau da kai. Na maimaita a karo na uku. Ya sunkuyar da kai. Cikin minti goma dariya ta mutu, wasu sun yaga takardunsu, wata tana share hawaye da gefen riga.

Ita kuwa yarinyar ta ɗago kai. Sauran bakina suke kallo, suna jiran kalmar da za su gane. Ita hannuna take kallo, domin wata biyu ke nan da haka take rayuwa a ajin nan. Na sake naɗewa sau ɗaya. Kafin in ajiye tawa ta gama tata. Ta taso daga bencin baya ta miƙo mini. Na ɗebi ruwa na zuba, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Ta shanye a gaban kowa.

Ban ce ta taimaki kowa ba, ka rubuta wannan. Da kanta ta tsaya wajen Sarkin Surutu, ta kama yatsunsa ta ɗora a kusurwar takarda, ta faɗi wata kalma da harshensu. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba. Ta yi dariya ta gyara masa. Malamarsu ta ce wannan ne karo na farko da ta ji muryarta. Nan take aji ya rikice, kowa na miƙo takarda yana kiran kalmar nan, tana bi benci benci kamar ita ce malamar.

Da kowa ya sha ruwa a kofinsa, sai na koma harshenmu na tambaye su yaya suka ji. Wata ta ce, “Tsoro ne ya kama ni.” Wani ya ce, “Ni gida na so in gudu.” Sarkin Surutu ya ce, “Baba, ai ka iya magana, me ya sa ka yi mana mugunta?” Na ce, “Minti ashirin kawai na yi muku. Ita wata nawa ke nan?” Ya ƙirga da yatsu, sannan ya juya ya dube ta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba kurma ba ce, kuma a ɗakin nan jiya ita ce ta ɗaya. Idan ka sallame ta, ka sallami wadda ta fi kowa iya koyo. Wannan ne rahotona na ƙarshe, ina roƙon kada a goge taga da shi.

Naka,
Tsohon mai duba makarantu.

*

Kawuna na kaina,

Gaisuwa da jinjina. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin murna nake yin sa.

Jiya Litinin Hedimasta ya shigo ajina da takardarka a hannu, fuska a murtuke, ya ce shi ba a yi masa dabo, da kansa zai gwada ta. Ya tsaya a kanta ya daka tsawa, “Yaya sunanki?” Ta sandare. Na ce a raina shi ke nan, mun faɗi.

Sai Sarkin Surutu ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ba a yi mata ihu. Nuna mata ake yi.” Ya dafa ƙirjinsa ya faɗi sunansa, sannan ya nuna ta. Ta faɗi nata. Sai yaron ya juya ya nuna Hedimasta. Kawu, wallahi mutumin nan sai da ya dafa ƙirji ya faɗi sunansa na yanka a gaban 'yan aji biyu! Daga nan ya rubuta lissafi biyar a allo ya miƙa mata alli. Ta ci huɗu. Na biyar ɗin shi ne ya rubuta ba daidai ba, ta gyara masa.

Ba za a sallame ta ba. Hedimasta ya faɗa a gabana, ya kuma aika wa ubanta.

Yanzu kullum da safe tana ba mu kalma ɗaya, mu ba ta biyar. Tambayoyi kuwa sun hana ni sakat: a garinsu akwai kogi? Su ma kakarsu tana faɗa? Wa ta baro a can? Da ta nuna musu da hannu cewa ta baro kyanwarta, rabin aji sai da suka yi jugum.

Hedimasta ya ce in tambaye ka, cikin ladabi, ko za ka yi wa sauran azuzuwa irin wannan darasi.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka.

*

Uwata,

Na amsa. Na karanta takardarki sau uku, maƙwabcina har ya leƙo ya ji ko lafiya nake dariya ni kaɗai.

Ki ce masa zan zo ranar Laraba. Amma yara sun riga sun gane, da malamai zan fara. A tara su duka a aji biyu, kowa da farar takardarsa. Yarinyar ce za ta duba aikinsu.

Hedimasta kuma a ajiye masa bencin gaba.

Wassalam.
Kawunki.