Hujjar Baba Kefas

Unguwar Gabas, Sabon Gari, Zariya
29 ga Mayu, 2002

Zuwa ga 'yata Jemimah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jego? Yaya mijinki Amaechi da karatu? Hoton jaririya ya iso. Na zagaya da shi layin kafintoci har gefensa ya yi baƙi da yatsun mutane. Tunda kin sa mata sunan marigayiya mamarki, Bibiana, ki gaya mata angonta na nan yana jira, har ya aske gemu.

Sai dai rediyo ya hana ni sukuni. Wai Indiyar da kuke ciki da Pakistan sun jera sojoji a iyaka, kowacce da makamin ƙare-dangi. A ajin yamma na yaƙi da jahilci an koya mana mu raba doguwar kalma biyu kafin mu karanta. Na raba wannan, ban so abin da na gani ba. Dangina ku ukun nan ne. Ki ɗauko ta ku taho gida.

Ubanki,
Kefas

Delhi
21 ga Yuni, 2002

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Muna lafiya. Gaskiya ne wasu baƙi sun kwashe iyalansu, amma maƙwabciyarmu tana nan tana shanya barkono a kan rufi. Saura wata takwas Amaechi ya gama. In ya tafi yanzu shekara huɗu sun tashi a banza, ni kuma ba zan bar shi shi kaɗai ba.

Baba, bara ka ce in dawo saboda zafi, bara waccan saboda ambaliya. Amaryarka ta gaji hancinka, Allah ya ba ta haƙuri.

'Yarka,
Jemimah

Sabon Gari
17 ga Yuli, 2002

Jemimah,

Ina gaishe ku duka. Hancin nan shi ya auro kakarta, kada a raina shi.

Na je Samaru gyaran ƙofar wani malamin jami'a, na tambaye shi batun nan. Ya ce tunda kowa na da makamin, ba mai jefawa. Na ce, "To Malam, me ya hana su taru su ajiye?" Ya ce kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Na ce, "Haka ni da Akinola mai fenti muka yi shekara bakwai ba ma gaisawa." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na ƙera mata ɗan gado da katakon maɗaci. Na kasa gane tsawonta a hoto, sai na ƙara taku ɗaya.

Allah ya tsare ku.
Ubanki

Sabon Gari
18 ga Oktoba, 2002

'Yata,

Gaisuwa. Jiya rediyo ya ce za a janye sojoji. 'Yan layinmu sun zo yi mini barka, na kuma gode wa Allah. Amma da na kashe rediyon sai jikina ya yi sanyi, Ubangiji ya gafarta mini, don hujjata ta ƙare.

Ba ni da sauran dalilin da zan ba ki. Ina so in ɗauke ta kafin ta fara tafiya da ƙafarta. Ki zo haka nan.

Ubanki,
Kefas