Jiƙon da Na Zubar

Inna, ina gaisuwa irin ta ƴa da mahaifiya. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma ni ce zan karanta miki, kina gyara mini Hausa.

Garinmu Magariya yana nan. An yi girbi, ɗan'uwana Sani ya koma Kano, ɗakinki ya zama wurin ajiyar gero. Ni ma ina nan.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na karanta cewa likitocin Turai suna gwada wani sinadari na laimar kwaɗi a kan masu ciwon damuwa. Mutum ya sha, ya yi ta gane-gane, ya yi kuka, wani na zaune gefensa har ya dawo. Wai wasu suna samun sauƙi. Ana kan bincike, ba a gama ba.

Kin tuna Iya Delu ta ƙauyen Guci? Bayan rasuwar Baba, da kika juya wa duniya baya kina kallon bango, ita ta zo da jiƙo a ƙwarya. Kika sha, kika yini kina dariya kina kuka, tana riƙe da hannunki. Wata guda kina cin tuwo, har kasuwa kika je.

Sai na dawo daga Yamai da takardar jami'a, na tarar Iya Delu ta sake kawo jiƙon. Na zubar da jiƙon a kwata, na kira shi guba a gaban matan gida, na sallami tsohuwa. Na kawo ƙwayoyi daga Damagaram, masu suna da lamba. Sun sa ki barci sosai. Kika koma bango, kika rage abinci, ni kuwa ina duba agogo kada lokacin magani ya wuce.

Wataƙila gubar ce, Inna. Har yau ban sani ba. Iya Delu ta rasu ba wanda ya tambaye ta me take jiƙawa. Amma zaman da ta yi gefenki fa? Wannan ba a hana ni ba. Ban dai yi ba.

Kwanakin nan irin shirun nan naki ya fara zuwar mini. Ina tashi aiki, in rufe ƙofa, in manta ban ci ba. Mutane suna cewa na natsu.

Me kika gani ran da kika sha jiƙon da ya ba ki dariya? Sau ɗaya kika fara faɗa mini, na ce ki huta.

Allah ya kai haske kabarinki.

Ƴarki,
Rabi